Rugar Adda a Kan Taswira

Maigidana ya rasu ya bar ni a unguwar Takur ta Dutse da yara uku da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ban da ma'aikatan asibiti, mutum ɗaya ce ta san halin da nake ciki: wata Bafulatana daga ƙasar Buji, wadda ranar karɓar maganinmu ta zo ɗaya. Ta girme ni, don haka Adda nake ce mata, wato yaya da Fillanci.

Kullum a makare take isowa, don sai ta yi doguwar tafiyar ƙasa kafin ta samu motar Dutse. Nakan tare mata wuri a benci da jakata. Tana zama za ta turo min kwanon nono ta ƙarƙashin hijabi, ta ce, "Sha, 'yar birni, kin bushe kamar karan dawa." A gabanta kaɗai nake iya kiran sunan ciwona da baki.

Wata rana muka tarar malamar da ke ba mu magani ta shimfiɗa taswira a kan tebur. Ta ce kowa zai nuna inda yake fitowa, a sa jan ɗigo ba suna. Inda ɗigo ya taru nesa da gari, nan za a riƙa kai magani da gwaji.

Da aka zo kan Adda sai ta ce, "Bayan tsamiya biyu, kusa da tafkin da shanunmu ke sha."

"Inna, babu tsamiya a takardar nan," in ji malamar, tana dariya.

"To takardarki ba ta san komai ba."

Malamar ta ɗaga biro za ta sa ɗigon a cikin garin Buji kawai, a wuce wurin. Ni kuwa na yi sakandare, an koya mana karanta taswira. Na kuma gane cewa in aka sa shi daidai, Adda ta gama zuwa Dutse. Zuciyata ta ce in bari a sa shi a Buji don kada in rasa ta, Allah Ya yafe min. Sai idona ya faɗa kan faso a dugaduganta.

Na ce, "Adda, in kin fuskanci alƙibla a gida, titin mota yana wane hannu?"

"Hagu."

"In kin yi sammako za ki titi, rana fa?"

"Tana dukan kunnena na dama."

Na bi da yatsa har na samu wani ɗan shuɗin tabo kudu da titi, tafkin ke nan. Malamar ta ɗiga ja a wurin. Ta duba katunan wasu mata da suka daina zuwa, masu kwatance irin na Adda, ta ƙara nasu a gefe.

Bayan damina aka mayar da katinta ƙaramin asibitin da ke kusa da su. Ranar zuwanta na ƙarshe ta riƙe hannuna ta ce, "Wa zai riƙa ba ki nono yanzu?" Ba ta da waya. Ni ma ba ni da hujjar da zan ba dangin mijina ta zuwa ruga.

Har yau ina zuwa a ranata. Nakan ɗora jaka a gefena, sai na tuna in ɗauke, wata ta zauna. An manna taswirar a bango yanzu. Kafin a kira lambata nakan nemi ɗigon nan kusa da shuɗin tabo, in roƙa mata lafiya a zuci.