Shafin da Baba ya sha

Wata Laraba, shekarar da na cika tara, na yi satar da ban sake yin irinta ba. Laraba ba lakwal, wato makaranta, a garin Saint-Fons can ƙasar Turawa, sai mu wuni a gindin bene muna 'yar gala-gala da allin da muka kwaso a aji, hayaƙin masana'antu yana wucewa bisa kanmu. A ɗayarsu Baba yake aiki, kuma wata uku ke nan tari ya kwantar da shi. Maganin likita an sha, shiru. Inna kullum cewa take, "Da a Damagaram ne, da tuni ya sha rubutu."

A hawa na uku na benenmu akwai Malam Nadim, mutumin Lahore, yana koyarwa a jami'a, yana rubuta littattafai da Urdu, harshen ƙasarsu, wasu labarai, wasu sharhin waƙoƙin magabatansu. Ni dai abin da na gani, dattijo ne mai gemu da alƙalami da tawada, baƙaƙensa kuma irin na allonmu. To, me ya rage? Yakan bar ƙofarsa a buɗe mu shiga shan shayi mai madara. Ranar na faki idonsa, na zare shafi ɗaya, na wanke a kwanon sha, na kai wa Baba na ce Malam ne ya aiko. Ya yi bisimilla ya shanye, ya ce alhamdu lillahi.

Kwana uku Malam yana birkita ɗakinsa, don shafin ba shi da kwafi. Rana ta huɗu na hau na faɗa masa. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Ya sha duka?" Na ce e. Ya ce, "Allah ya sa a dace, 'yata." Bai gaya wa kowa ba. Baba ya rasu kafin a ba da hutu. Ban yi kuka ba. Abin da na riƙe kawai shi ne takalman 'yan gaisuwa jere a matattakala.

Yanzu a Paris nake aiki, Malam ma ya riga mu gidan gaskiya. Bara na ci karo da tarihin rayuwarsa an juya shi zuwa Faransanci, na riƙa karantawa a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, hanyar Montreuil inda nake zaune. A babin rasuwar mahaifinsa, labarin ya tsaya cak a ƙofar ɗakin majinyacin. Ya ce sau ɗaya ya iya rubuta abin da ya faru a ciki, kuma wata yarinya ta fi shi bukatar shafin.

Na sauka a tashata, na sayi burodi, na tafi gida. A da, ban iya karanta harafinsa ko ɗaya ba, amma ina da abin da zan kai wa Baba. Yanzu na karanta, kuma babu wanda zan kai wa komai. Ashe mutuwar uban wani na ba ubana ya sha, har ya yi godiya.