Belin Auta

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, sai allo, don haka wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri. A Kangire nake zaune, amma asalin gidanmu Gwaram ne, daga can ubana ya taso da zabirarsa a rataye. Aski nake yi, da ƙaho, da kaciya, da cire beli, wato ɗan naman nan da yake reto a ƙarshen baki. A wajenmu in tari ya ƙi jin magani, sai a ce beli ne ya sauko yana sosa maƙogwaro, a kira irina ya yanke. Na yanke na yara da yawa. Wasu sun tashi sun koma wasa, wasu sun yi ta zubar da jini har la'asar, iyayensu mata na kallona, ni kuma ina kallon ƙasa.

Sanyin wata shekara autata ta kama tari, tana da shekara huɗu. Busasshen tari ne, irin wanda yake lanƙwasa yaro. Uwarta ta dafa citta da kanumfari, ta shafa mata man zafi a ƙirji, na sayo maganin kwalba a kemis, mai zaƙi, ja. Duk a banza. Da muka ga haka sai muka ƙara wuta. Tun magariba ake shigar da kasko ɗaki, gawayi a ƙasa, kara a sama, na toshe tagar da tsohon buhu, na sa tsumma a ƙarƙashin ƙofa don kada sanyi ya sami hanya. Da safe in na buɗe ido sai in ga hayaƙi kwance a ƙarƙashin rufi, shuɗi, bai motsi, kamar tafki ne aka kife mana a bisa kai. Kaina ya yi nauyi, in yini ina tafiya kamar a cikin ruwa. Na ɗauka gajiya ce.

A kwana na tara Goggo ta iso daga Gwaram. Ƙanwar ubana ce, ita kaɗai ta rage a cikinsu, kuma bakinta ya fi askata kaifi. Ko mayafi ba ta cire ba ta ji tarin, ta tsaya a tsakar gida.

"Beli ne," ta ce. "Kai da nake gani, me kake jira?"

"Goggo, ana ba ta magani."

"Maganin yana cikin zabirarka. Na 'ya'yan mutane kana yanka kana karɓar ladanka, naka kuma ka tsaya kana shafa mata mai kamar za a kai ta gidan biki. Gobe da hantsi za ka cire shi, ni zan riƙe ta."

Uwar yarinyar ta ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a gefen ƙwarya ba ta lura ba.

Washegari rana ta fito a hankali, ba zafi. Aka shimfiɗa tabarma a jikin katanga inda hasken ya fi sauka. Goggo ta zauna ta matse auta tsakanin ƙafafunta, ta kama haɓarta. Na fito da 'yar askar nan mai lanƙwasa, da ɗan itacen da ake danne harshe. Yarinyar ta buɗe baki da kanta, don ta sha ganin ina yi wa wasu, ta ɗauka wani abin girma ne ya zo kanta. Na leƙa. Ga shi can, ɗan mitsitsi, ja-ja, yana rawa da numfashinta. Bai sauko ba, bai kumbura ba. Na daɗe ina kallonsa har na daina jin muryar Goggo, na daina jin kaji. Sai na ga kamar duk bakunan da na taɓa leƙawa ne suka jeru a gabana, kuma a cikinsu ban iya tuna ko ɗaya da ya fi wannan tsawo ba.

"Ka yi barci ne?" in ji Goggo.

"Askar ta dakushe," na ce. "Sai na kai ta maƙera a Birnin Kudu."

"Tun yaushe wanzami ya manta da dutsen washi?"

"Bakin askar ne ya karye. Zan tafi da yarinyar ta sha iska."

Ƙarya ce, kuma Goggo ta san ƙarya ce, amma kafin ta miƙe na riga na tayar da babur.

Na ɗora auta a gabana, a naɗe cikin zanen uwarta, ta jingina kanta a ƙirjina. Ban yi gudu ba. An gama girbi, gonaki sun yi fili, shanun Fulani suna kiwo a cikin kara, farare, ba ka jin motsinsu. Duk tarin da ta yi sai in ji shi a cikin haƙarƙarina. Da muka doshi Birnin Kudu manyan duwatsun garin suka bayyana, sai ta fito da yatsa ta ce, "Baba, waɗancan shanun sun kwanta." Na ce eh, sun gaji ne. Ta ce wa zai tashe su, na ce ba kowa. Daga nan har muka isa ban san yadda na tuƙa ba.

Wani ƙaramin asibiti na kai ta. Malamar da ta duba mu Kirista ce, ba 'yar nan ba, Hausarta tana ɗingishi amma tana zuwa inda za ta. Tana warware zanen ta kawar da kai, ta sunkuya ta sunsuna hular yarinyar.

"Malam, yarinya ka kawo mini ko kifin banda?"

Matan da ke kan benci suka yi dariya. Ta tambaye ni abin da muke ƙonawa a ɗaki, na gaya mata, har da buhun taga. Ta girgiza kai. Ta ɗage rigar auta tana kallon cikinta, tana kallon agogo, tana ƙirga numfashi. Ta saurari bayanta. Ta ce ƙirjin lafiya lau yake, mura ce ta zo, hayaƙi ya hana ta tafiya.

"Ka fitar da wuta daga ɗaki, ka buɗe taga. In sanyi kuke ji, ku ƙara mata riga da bargo. Ruwan ɗumi ta yi ta sha, kunu, da cokalin zuma kafin ta kwanta. Amma jariri da bai kai shekara ba, kada a ba shi zuma. Maganin kwalban nan ka ajiye shi. In ka ga numfashinta yana sauri, ko ƙasan haƙarƙari yana shigewa ciki, ko ta ƙi shan ruwa, ko zazzaɓi ya zo, kada ka jira gari ya waye, ka kawo ta."

Sai ta leƙa bakin da fitila, ta ce, "Allah ya sa wanzamai ba su riga ni ba. Aikin me kake yi?"

Askar tana cikin aljihuna, ina jin sanyinta a cinya. Na ce, "Noma."

Da muka dawo na ɗauki kaskon na ajiye shi a bayan ɗaki, na fizge buhun daga taga. Goggo tana zaune tana kallo.

"To, an washe askar?"

"Ba za a cire ba, Goggo."

"Ubanka yana kwance a ƙasa, ɗansa ya koma ɗaukar karatu a wajen mai farin kaya. Sai ka sayar da zabirar ka sayi zuma ka yi ta yawo da cokali."

Kwana biyu ba ta ci abincin gidana ba sai goro. Ɗakin ya yi sanyi ƙwarai, muka sa auta a tsakiya, riga uku, safar yayanta har gwiwa. Tarin bai tafi nan take ba. Ya yi laushi, ya riƙa zuwa jefi-jefi, har wata safiya ina alwala na lura tun da na tashi ban ji shi ba. Nauyin kaina ma ya sauka.

Ran da Goggo za ta koma na raka ta bakin titi. A hanya matan unguwa suka tare ta suna tambayar mai jiki. Ban ankara ba na ji ta ce, "Ai ta warke. Ubanta ya cire mata beli, hannunsa irin na gidanmu ne." Ta faɗa ba ta ko dube ni ba. Ni kuma ban iya ƙaryata ta a gaban mutane ba. Ta hau mota ta tafi.

Kwana biyu bayan haka na fito na tarar da mata uku a ƙofar zaure, ɗaya tun daga Surko ta zo, kowacce da yaro mai tari a goye. Sun ji labarin auta, suna so a yi wa nasu yadda aka yi mata. Na kira auta daga cikin gida, na juya ta wajen rana na ce ta buɗe baki. Suka leƙa ɗaya bayan ɗaya.

"Ai ga shi nan," in ji ta farkon.

"Yana nan," na ce. "Ban taɓa shi ba, kuma na naku ma ba zan taɓa ba."

Biyu suka gyara goyo suka nufi gidan wani wanzami a can ƙetaren rafi, ban iya tsayar da su ba. Ta Surkon ta zauna a kan dakali, ta sauke ɗanta a cinya.

"To, Malam, me ka ba ta?"

Na zauna daga nesa kaɗan, na ce ta fara gaya mini abin da suke ƙonawa a ɗaki.