Munduwar Yayata da Injin Yamai

Na yi rayuwata ina koyar da ilimin kimiyya a lakwal cikin Maraɗi, kuma ba na jin an yi wani malami a zamanina da ya fi ni iya bayar da labarin wayar da ba ta tirjiya. Nakan gaya wa ɗalibai cewa kowace waya tana yi wa wutar lantarki gardama, shi ya sa take zafi. Amma fiye da shekara ɗari da suka wuce, wani masani a ƙasar Holan ya sanyaya zaiba da ruwan iskar heliyom, sanyin da ya wuce misali, sai ya tarar gardamar ta ɓace ɗungum. Wuta takan kewaya cikin irin wannan waya ba ta raguwa.

Ban zaci wannan darasi zai shigo gidanmu ba, sai da ƙafafun yayata suka fara mutuwa.

Tana zaune a Tsibiri. Na ɗauko ta zuwa gidana a unguwar Zariya cikin Maraɗi, likita ya duba ta, ya ce sai an kai ta Yamai an sa ta cikin injin da ke ɗaukar hoton lakar ƙashin baya. Cikin injin akwai maganaɗisu mai tsananin ƙarfi, wanda aka naɗa da irin wayar nan. Ba a shiga da ƙarfe. In aka yi jinkiri, ba za ta sake tafiya ba.

A hannunta na hagu kuwa akwai munduwar baƙin ƙarfe. Kakarmu, wadda ta rasu tana bin addinin iyayenta, ita ta sa mata tun tana yarinya, bayan wata cuta da ta kwashe yara a unguwarmu. Hannu ya girma a cikinta, ba ta fita. Yayata mai salla ce, amma ba ta taɓa yarda an taɓa munduwar nan ba.

Na zauna na yi mata bayani tun daga zaiba har heliyom. Ta saurara har na gama.

"Mushe," in ji ta, wato Malam da Faransanci, haka take kirana in za ta yi mini ba'a, "wannan injin naku, sanyi ake ba shi ya yi aiki?"

"Sanyi, Yaya."

"To ni ma ƙarfena ake bar mini in rayu. Kai da na goya, yau kai ne za ka tuɓe ni?"

"Ƙafafunki nake so."

Ta juya munduwar a hannunta. Can ta ce ba ma'aikacin asibiti da zai sa mata almakashi. Maƙeri ya ƙera, maƙeri zai yanke, kuma daga gidan da aka ƙera ta, a Jiratawa.

Muka tafi da hantsi. Jikan maƙerin, shi ma da furfurarsa, ya cusa ƙyalle tsakanin ƙarfe da fata, ya yi bisimilla, ya shiga gogawa da magagari. Da ya buɗe ta da awartaki, sai ga fatar wurin fara sol, mai laushi kamar ta jinjiri. Yayata ta dube ta, ta ja mayafi ta rufe.

An yi hoton, an ga abin da ya danne lakar, an yi mata aiki. Ta koma Tsibiri tana dogara sanda, tana zuwa gonar geronta da ƙafarta. Har ta rasu ban sake ganin wuyan hannunta na hagu a buɗe ba.