Hannayen Rigar da Dada Ta Yanke

Wata Juma'a ce a kakar 1994, ina aji uku a firamare. Ni da ƙawayena muna kan tsibin ɓuntu a bayan injin casar shinkafa na Nukkai, a gefen Jalingo, muna hawa muna gangarowa, sai ƙarar injin ta canza. Mu 'ya'yan ma'aikata mun san muryarsa kamar yadda muka san tarin iyayenmu. Ya yi gurnani, ya shaƙe, ya yi shiru alhali ba a kira salla ba. Na sauko da ɓuntu cike da kitsona, na tarar maza sun yi cirko-cirko, Kawu Bitrus, wani ɗan ƙabilar Mumuye abokin aikin Babana Malam Hamidu, ya tuɓe singiletinsa yana ɗaure dantsen Baba da ita. Farin kaftanin da Dada, mahaifiyata, ta goge da dutsen gawayi da safe ya rine da jini.

Injin nan yana da wata doguwar bel da ke gudu tsirara, ba murfi. Sauran ranaku da singileti ake aiki kusa da ita. Amma tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha buhunan shinkafa ba sa yankewa, mai injin kuwa ba ya yarda a kashe ran Juma'a sai an ji ladan. Don haka in lokaci ya gabato, Musulmin cikinsu sukan zura kaftani su ci gaba da aiki, da an kashe sai gudu masallaci. Bel ta kama hannun rigar Baba, ta haɗa da hannun da ke ciki. Daga gwiwar hannu aka yanke shi a asibiti.

Da aka sallamo shi, abokan aikinsa suka riƙa zuwa dubiya zaurenmu a unguwar Sintali bayan la'asar. Ina shimfiɗa tabarmi, ina kai ruwa, ina jin dubiya tana rikiɗewa zuwa wani abu da su kansu ba su san sunansa ba. Ba mai takarda a cikinsu, ba wanda ya taɓa shiga ƙungiya. Abu biyu kacal suke so: a sa wa bel ragar waya, a kuma kashe inji da wuri ran Juma'a. Kawu Bitrus, wanda ba ruwansa da masallaci, shi ya fi kowa zafi. Har yau ina jin Hausarsa: "Wannan bel, shi ba ya san addini. Yau Malam Hamidu, gobe ni ne."

Suka ajiye aiki, suka zauna gindin mangwaron ƙofar injin, Baba a tsakiyarsu da dungulminsa naɗe da bandeji. Ni a wautata na ɗauka magana ta ƙare, don wa zai ga wannan hannu ya ce a'a? Mai injin bai ko fito ba. Aike ya yi cewa a haka Bature ya ƙero bel ɗin. Kafin mako ya zagayo an kwaso samari daga ƙauyuka, inji ya tashi, muna jin ƙararsa daga inda muke zaune. Aka kori Kawu Bitrus. Sauran suka koma ɗaya bayan ɗaya, in sun zo wucewa ta ƙofarmu sai su sunkuyar da kai. Na tsane su tsana mai tsanani. Baba ya ce, "Bar su, yarinya, suna da bakunan ciyarwa." Ban bar su ba a zuciyata, sai da na girma.

Dada ce ta yi abin da ya rage. Wata Alhamis ta aika wa matan ma'aikatan su kawo kaftanan mazansu. Ta zauna tsakar gida da almakashinta, ina riƙe mata, tana yanke kowane hannu daga gwiwa tana kalmashewa. Wata ta yi tsiya, wai mazansu za su je masallaci kamar 'yan firamare. Dada ba ta ɗago ba, ta ce, "Da babu gara ba daɗi." An kuwa yi musu dariya a sahu, an kira su 'yan guntun hannu. Yankakkun hannayen suka zama tsumman sauke tukunya a gidanmu, ni kuwa duk lokacin da na ɗauki ɗaya sai in tuna hannun Baba.

Yanzu shaguna ne a wurin injin, mangwaron ma an sare. Idan na ga 'yan ƙwadago a talabijin da huluna iri ɗaya da lasifika, zaurenmu nake tunawa, da maza masu ƙurar shinkafa a gira suna lallaɓa magana don kada maras lafiya ya ji zafi. Na san daga irin wannan tabarma abin yake tsirowa, namu ne dai bai yi rai ba. Har aka rufe injin nan, bel ɗin ba ta sami murfi ba.