Taku Huɗu na Usta Fahim

Da ƙarfe takwas na safe Usta Fahim yake ɗaga ƙofar shagonsa a unguwar Attarin, cikin Iskandariyya. Sai ya ci wake da gurasa a tsaye, ya wanke hannu sau biyu, ya kashe fanka komai zafin gari, sannan ya jawo kibod ɗin kwamfuta ta farko. Ba ya saurin buɗe ta. Runtse ido yake yi, ya ɗora bakin sukudireba a jikinta, ƙotar a kunnensa, ya bi madannan ɗaya bayan ɗaya yana saurare. Shekararsa arba'in da uku a kan wannan kujera. Da gyaran tafireta ya fara. Da zamaninta ya wuce bai tsaya zaman makoki ba, ya koma wa kibod ɗin da samarin yanzu suke haɗawa da hannunsu, su gama fankama da ita, sannan su kawo masa tana kwaramniya kamar gwangwani.

Bakinsa bai san lallashi ba. "Wa ya zuba mata wannan man? Kai kibod kake haɗawa ko kifi kake soyawa?" Haka yake tarbar su, kuma gobe su dawo.

Amma abin da unguwa ba za ta manta ba shi ne aikin Madam Sausan. Ba ta gani tun haihuwa, kuma ita ce mai buga takardu a wani ofishin fassara. Da kunne take sanin harafi ya shiga ko bai shiga ba. Da aka haɗa ma'aikatan a ɗaki guda sai ƙorafi ya tashi a kan ƙarar kibod ɗinta, shugaban ofis ya ba ta zuwa Lahadi, farkon makon aiki a can: ko a samu shiru, ko ta nemi wani wurin. Ta kai wa wani mai gyara, ya cika ta da mai, ya danƙara mata soso. Ƙara ta mutu, amma rubutunta ya cika da kurakurai, don ba ta jin komai.

"Ya Usta," in ji ta, "in ta yi magana su kore ni, in ta yi shiru aikina ya kore ni."

Ya danna madanni biyu, ya ja tsaki. "Wannan ba shiru aka sa ta ba, Madam, shaƙe ta aka yi. Taku nawa ne tsakaninki da wanda ya fi kowa mita?"

"Huɗu. Ustaz Wagdi, sarkin kunne."

Kwana uku ya yi a kanta. Ya wanke man tas, ya miƙe ƙarfen da ke ƙarƙashin dogon madanni wanda shi ne uban kwaramniyar, ya shafa wa kowane sifirin giris kaɗan da bakin buroshi, ya bar soso siriri a ƙasa kawai. Sannan ya zaunar da Madam Sausan a gaban kibod ɗin, ya ƙirga taku huɗu daga kujerarta. Shagon taku uku ne, don haka na huɗun ya kai shi bakin titi. Nan mai shayi da masu wucewa suka ga dattijo tsaye ido a rufe yana ihu, "Buga!" Ya koma ciki ya taɓa, ya sake fitowa. Mai shayin ya rantse sau goma sha ɗaya ya ƙirga.

A na ƙarshe ta ce, "Ina jin ta sarai."

Ya ce, "Ni kuwa ba na ji. Tashi ki tafi aiki."

Ranar Lahadi, wajen azahar, Ustaz Wagdi ya tambayi abokan aiki ko Madam Sausan ba ta zo ba ne. Tana bayansa, a shafi na ashirin. Yau shekara shida, kujerar tana hannunta.

Kai ne ka nuna mana, Usta, cewa ƙara daban, murya daban. Kowa zai iya kashe ta farko da ta biyu gaba ɗaya, kai kuwa ka san wadda ake cirewa da wadda mutum yake cin abinci da ita.

Ƙarshen watan nan zai rufe shago, kuma abin yana yi mana ciwo. Kunnen da ya yi masa hidimar shekara arba'in da uku ya gaji. Jiya Madam Sausan ta zo sallama da kibod ɗinta a jaka, ta ɗora a kan teburinsa ta buga layi guda, yana zaune dab da ita.

"Kana ji, ya Usta?"

Ya karkata kunne. "Ba na ji."

"To ka gani? Har yanzu aikinka bai lalace ba."

Ya yi dariya har ya share ido da bayan hannu.

Mun gode, Usta Fahim, Allah ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu gyaran da za ku gaji layin nan, kafin ku ɗauki buroshi ku tambayi mai kayan abin da yake buƙatar ji, sannan ku tashi ku taka taku huɗun nan da ƙafarku.