Ranar da Aka Auna Lungu da Makara

Na manta abubuwa da yawa tun da na ajiye alli, har da sunayen kogunan da na shekara talatin ina tilasta wa yara su haddace. Amma ranar da aka auna lungu da makara a bayan garin Dutsin-Ma, wannan kam sai dai in tafi da ita kabari. Kuma kamar yadda za ku ji, an riga an tanadar mini hanyar.

Shekarar da na yi ritaya aka sa ni cikin wani ɗan kwamiti mai duba tsarin sababbin unguwanni kafin a yarda a fara gini. Mu bakwai ne. An ɗauko ni saboda na koyar da labarin ƙasa, wato ni kaɗai ne in an shimfiɗa taswira na san ina ne arewa. Sauran sukan jira su ga inda na tsaya, sannan su zagayo.

Wata rana wani Alhaji ya kawo mana tsarin gonarsa da ke kan hanyar Kurfi, ya yanka ta fuloti-fuloti. Titi ɗaya ne babba a tsakiya, sauran duk lunguna masu faɗin ƙafa biyar, don filin ya haifi gidaje da yawa. A nan ya kamata in faɗi abin da ban faɗa wa kwamiti ba: na riga na mallaki fuloti ɗaya a ciki, na ƙarshe a wani lungu, sai an sha kwana sau biyu a jere. Har na nuna wa maiɗakina inda za mu dasa darbejiya. Duk shekarunmu a gidan haya muka yi su, kuma na san in aka faɗaɗa lungunan, fulotina ne farkon wanda hanya za ta ci.

Saboda haka na miƙe na yi jawabi. Na yi bayanin sikeli, na aza rula, na kawo misalin tsofaffin biranen duniya masu matsattsun lunguna, waɗanda ban taɓa zuwa ko ɗaya ba. Shugaban kwamiti yana ta gyaɗa kai. Har an miƙo biro.

Sai wani dattijo, mai unguwa ne, wanda bai yi boko ba kuma yawanci idonsa a rufe yake har a tashi zama, ya yi gyaran murya.

"Malam, makara tana juyawa?"

Na ce, "Baba, wace makara?"

"Ta ɗaukar mutane. In an zo kwanar nan da ita, tana juyawa?"

Alhaji ya ce, "Haba Baba, gidajen rayayyu muke magana."

"To, Alhaji, ka rubuta a takardar cewa ba a mutuwa a unguwarka, sai in sa hannu."

Na sake aza rula na tabbatar masa da cewa lissafi ya nuna za ta juya. Ya ce shi bai taɓa ganin lissafi ya ɗauki gawa ba. Aka tsayar da magana a kan za a je a gani.

Washegari da hantsi muka hallara a gonar. An kafa turaku, an ja igiya daidai inda katangu za su tsaya. Mai unguwa ya aro makara daga masallaci, aka kawo ta a bayan a-kori-kura. Masu zuwa kasuwar Kurfi suka riƙa rage gudu suna yi mana gaisuwar rashi. Wani mai babur ya sauka ya tambayi wa ya rasu. Shugaba ya ce masa ba kowa tukuna.

Mutum huɗu suka saɓa ta. Dokar ita ce duk wanda ya taɓa igiya ya shiga katangar wani. Kwanar farko suka wuce da kyar, bayan na bayan ya taka falon maƙwabci. A kwana ta biyu abin ya tsaya cak. Aka ja baya, aka karkata, aka sake gwadawa. Alhaji ya ba da shawarar a miƙar da ita tsaye.

"Da mutum a ciki?" in ji mai unguwa.

Sannan ya juyo ya dube ni, ba fushi, ba murmushi.

"Malam, wancan na ƙarshe ai naka ne ko?"

Ashe ya sani. A Dutsin-Ma mai unguwa yakan san ka sayi fili kafin kai ka sani.

"To, mi ka zaɓa? Mu ƙetare da kai ta bisa katanga, ko mu roƙi maƙwabci mu ratsa da kai ta tsakar gidanshi, matanshi na tankaɗe?"

Ba wanda ya yi dariya, sai direban a-kori-kura. Ni dai na tsaya ina kallon makarar, tana kan kafaɗun mutane, ta kasa gaba ta kasa baya. A taswira wurin nan bai kai tsawon farcena ba.

Da muka koma zama, ni na fara ɗaga hannu a mayar wa Alhaji tsarinsa ya faɗaɗa lunguna. Na kuma faɗi maganar fulotina a gaban kowa, aka karɓe ta da natsuwar mutanen da suka daɗe da ji. Hanya ta ci kusan rabin filina. Gidan da na gina ɗaki uku ne cif, darbejiyar kuwa a waje take, ni da masu wucewa muke rabon inuwarta. Maiɗakina ta yi mako ba ta tambaye ni yaya kwamiti ba.

Bayan 'yan shekaru Allah ya yi wa mai unguwa rasuwa a gidan ɗansa, a lungun da ke kusa da nawa. Ina cikin waɗanda suka saɓa shi. Da muka zo kwanar, makara ta juya lafiya lau, ba wanda ya goga kafaɗa da bango. Na yi masa addu'a, kuma Allah ya yafe mini, sai da na duba tazarar.

Abin da na koya bai da tsawo. Kafin ka sa hannu a kan takardar da za ta zama mazaunin mutane, je ka taka wurin da ƙafarka, ka kuma faɗi inda son ranka yake tun ba a tambaye ka ba. Ba faɗin shigarka za ka auna ba, don da ƙafarka za ka shiga. Auna faɗin mutum huɗun da za su fito da kai.