Koriyar Fitilar Muntaka

Duk wanda ya zauna unguwar Karantina ta Jidda kafin a rushe ta ya san Muntaka mai gyaran wuta. Wanda bai san sunansa ba ya san tsaninsa. Gajere ne, ga tumbi kamar an ɗaura masa tulu, amma in ya kama bango sai ka ce ƙadangare. A nan Jidda aka haife shi. Kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa don aikin hajji, ya sauke farali, ya ce ƙafafunsa sun gama nasu, ya zauna. Shi Muntaka bai taɓa ganin Kano ba, bai kuma taɓa mafarkinta ba. Lungun da aka yanke masa cibiya shi ne garinsu.

Ya auri Zakiya mai soya kifi a ƙofar gida, mace ce da in ta buɗe baki har kuliyoyin lungu sukan canja hanya. Satin farko ta ce masa lungun nan duhu, ba ta ganin ko kifi ya soyu. Ya tafi ya dawo da doguwar fitila ta gilashi, koriya shar, ragowar wani aiki da ya yi, ya kafa mata a saman ƙofa.

"Kai, Muntaka, amarya ka kawo ko gawa? Dubi hannuna, kamar na kwana a teku."

Ya ce gobe zai canja. Bai canja ba. Duk sanda fitilar ta mutu sai ya nemo wata koriyar, ita kuma ta sake wanke shi tas. Haka suka tsufa, shi yana kan tsani, ita tana ƙasa tana faɗa. Maza dai kun san su, wani nama yake so, wani shayi, shi wannan faɗan matarsa ne abincinsa.

Sai aka zo aka shafa wa bango jan fenti, alamar rusau, aka ce a tashi. Ranar kwashe kaya, mutane na kokawa da firji da katifa, shi yana can sama yana kwance fitila. Ya naɗe ta a tsohon zanen Zakiya, ya rungume ta a mota kamar jaririya. Bakin fitilar duka biyu sun riga sun yi baƙi, ya san sauran numfashinta kaɗan ne, ga shi irinta ta yi wuyar samu a kanti. Don haka bai sake kunna ta ba. Ya tura ta saman kwaba.

Suka koma wurin 'yarsu Dalal, hawa na uku a wani bene can arewacin gari, gida fari fat da haske kamar asibiti. A nan bakin Zakiya ya mutu. Likita ya duba ya ce lafiyarta lau. Tana ci, tana salla, tana zaune ta zuba wa na'urar sanyaya ɗaki ido. Muntaka ya gwada barin takalmi a kan darduma. Shiru. Ya zuba mata sukari cokali huɗu a shayi, ta shanye ta ce, "Na gode." Ranar ya fita baranda ya daɗe. Tun da ya aure ta ba ta taɓa gode masa ba, sai yanzu, kamar baƙo.

Ana haka jikarsu Razan, 'yar Dalal, ta dawo daga makaranta da wata sabuwa. Wai ƙawayenta suna bikin Halowin, ana sa kayan dodanni ana tsorata juna, ita ma tana so ta mai da siririn barandan da ke tsakanin kicin da banɗaki ya zama gidan tsoro, yaran bene su zo.

"Bikin aljanu a gidana?" in ji Dalal. Da yarinyar ta dame ta sai ta ce, "Halas, shi ke nan. Bayan la'asar, kuma kafin magariba a kwashe."

Razan tana jin Hausa sarai, mayarwa ce sai ta haɗa da Larabci. Ta zube wa kakanta Muntaka leda cike da ƙananan fitilu masu launi-launi. "Sidi, yalla, ka sa duka."

Ya jona su ya ja baya ya duba. "Wannan ai ɗakin biki ne, uwar ɗakina. Sauran a kawo amarya. Tsoro ba ya son fitila da yawa. Guda ɗaya, ita ma kada a ga inda take da kyau. Kyandir kuwa kada ma ki ambata shi kusa da kwali. To gaya mini, me ke ba ku tsoro, ku 'yan bene?"

Ta shiga lissafi da yatsu. Wuri matsattse. Duhu. Wayoyi suna reto a ka. Ruwa yana ɗiga. Fitila tana kamawa tana ɗaukewa.

Ya samo kwalayen firji ya jera hagu da dama, har sai mutum ya karkata kafaɗa zai wuce. Ya toshe tagar kicin da baƙar leda. Ya ɗauko tsofaffin wayoyi marasa wuta ya cuɗa su a sama, ya huda gora ya rataya a kan bokiti, ɗis, ɗis. Da ya tsaya daga ƙarshen barandan ya waiwaya, sai ya gane. Abin da yaran nan ke kira gidan aljanu, shi hanyar gidansu yake gani.

Ya daɗe a gaban kwaba kafin ya miƙa hannu. In koriyar fitilar nan ta mutu yau, shi ke nan, ba sauran abin da ya fito da shi daga Karantina. Ya sauko da ita, ya kafa a saman kwali ta hannun dama, ya kashe sauran wutar gidan, ya kunna. Ta yi ƙugi kamar ƙudan zuma, ta ƙifta, ta ƙifta, sannan ta zubo koren nan nata.

Yara suka zo da fentin fuska da haƙoran roba. Suna shiga suka ga hannayensu sun koma kore, sai ihu da dariya da turereniya. Wata ta rantse ta ga mutum a tsaye can ƙarshe. Mutum ne kuwa, Muntaka ne, ya jingina da kwali, ba ya ko motsi.

Magariba ta kawo jiki, Zakiya ta fito za ta yi alwala, ba kuma hanyar banɗaki sai nan. Ta sa ƙafa ta tsaya cak. Ta dubi wayoyin. Ta saurari ɗigar ruwa. Ba wanda ya gaya mata, da kanta ta karkata kafaɗa ta shiga, tana shafa kwali da tafin hannu. A ƙarƙashin fitilar ta juya hannunta, ciki da baya.

"Wane makaho ne ya kafa wannan a dama?"

Muntaka ya ce, "Ni ne."

"Hagu take. Dama ai ƙofar Bara'atu mai wanki ce, ko haskena za ka kai wa maƙwabciya da tsufanka? Kuma dubi yadda ta karkace. Mutum ya ƙare rayuwarsa a kan tsani, fitila ɗaya ta gagare shi."

Dalal ta leƙo daga kicin. "Baba, lokaci ya yi, a kwashe."

"Ba mai taɓa kwalin nan," in ji Zakiya. "Razan, miƙo mini kujera."

Fitilar ta ƙifta, ta ɗauke, ta dawo da ƙyar. Muntaka ya jawo tsaninsa ya hau. Ya mai da ita hagu a hankali, ya saita ta daidai, sannan ya sa ɗan yatsa ya karkatar da ita kaɗan, ya tsaya yana jira.